Taswirar Bayan Littafi

A rumfar Malam Ilu, bakin Kurmi,
inda littattafai ke tsufa kan tabarma,
na tsinci ɗan littafin jagoran baƙi,
irin wanda 'yan yawon buɗe ido ke cusawa aljihu.
Bango ya tafi, gara ta cinye gabatarwa,
amma can baya, a ninke gida takwas,
ga Kano kwance tana jiran mai buɗewa.

Na ware ta a hankali, kamar mai kwance ɗaurin karaya.
Takarda ta yi launin kunun tsamiya.
An ja badala da jan layi siriri,
an zagaye Dala da gajerun zane kamar gashin ido,
Gwauron Dutse na gefe, shi kaɗai,
ya ci sunansa.

Malam Ilu ya gyara tabarau ya ce:
"Wannan bugu na huɗu ne.
Na biyu ma ya taɓa kwana a rumfar nan.
Ba su sake awo ba, ɗana,
farantin ƙarfe guda suke ta dannawa,
sai dai a ƙara layin dogo, a goge shekara.
Kuskuren fari shi ne na auta.
Duba, kowace ƙofa sun sace mata ƙugiya,
shi ya sa tun ranar ba wadda ta sake rufuwa."

Na yi dariya, amma yatsana na neman wani abu.

Iya Tabawa ta sha gaya mana,
tana tsinke zogale a faifai,
cewa kakanmu Talle ya ja wa Bature sarƙar awo.
Daga Ƙofar Mazugal har Ɗan'agundi,
ba takalmi, ƙaya na gaishe shi,
yana kafa turke, yana ƙirga da bakinsa,
la'asar ta yi a ba shi kwabo uku.
Na duba kusurwa huɗu.
Suna ɗaya ne, ƙanƙane, a can ƙasa:
na mai sassaƙa farantin,
wanda bai taɓa kurɓar ruwan rijiyar garin nan ba.

Unguwarmu kuwa fari fat.
An rubuta fili.
Fili, inda aka binne cibiyar ubana,
inda dutsen niƙan Iya ya lotse don aiki.

Sai dai ban ce ƙarya ce duka ba.
Ga kududdufai nan, shuɗi shuɗi,
kamar an yayyafa baba a farin ƙyalle.
Na ƙirga, na gane wasu.
Wannan yanzu shaguna ne hawa biyu,
wannan gidan mai,
wannan kuma, Allah sarki, ɗakin da nake haya.
Duk Agusta ruwa kan shigo mana ba sallama,
ya hau katifa, ya leƙa tukunya.
Da ina zaginsa.
Ashe gidansa yake nema,
shi tsohuwar taswira ya haddace.

Littafin ya ce wa baƙo:
ka ga marina da hantsi,
ka hau dutse kafin magariba,
ka sayi fata, kada ka biya kuɗin farko,
kwana biyu sun ishe ka.
Kwana biyu!
Ni shekara hamsin da ɗaya ina taka garin nan,
ko makon jiya sai da na ɓata a Alfindiki,
wayata na ta cewa in yi dama,
dama kuwa katangar wani ce.
Wata yarinya mai tallan awara ta fitar da ni,
da haɓa kawai ta nuna.

Muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara,
ya naɗe min a tsohuwar jarida.

Da dare, wuta ta ɗauke,
na kunna fitilar waya, na fere fensir.
Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya
ina mayar wa kowacce ƙugiyarta.
Sannan a cikin farin nan da suka kira fili
na rubuta, ban danna sosai ba
don takardar ba ta da sauran ƙarfi:

Talle ne ya ja sarƙa.